Madubin da Na Fasa a Saman Benen Alhaja

Ranar Alhamis ɗin nan da za mu shiga, yayana Ilyasu zai cika shekara tara da rasuwa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, a Agege aka haife mu, bayan layin dogo. Shi ya koyi yankan gilashi da haɗa tagogi, ni kuma na gaji fawa wurin mahaifinmu, har yau ina kai. Duk shekara idan ranar ta zagayo nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

Mutanen unguwa sun san shi da Ilyasu Mai Gilashi, amma 'yan shekarunsa na ƙarshe an fi saninsa da bututu. A kasuwar gwanjo ya tsinci abin, cikin tarkacen kayan da ake saukewa daga jirgin ruwa. Na'urar hangen taurari ce, ta lotse a gefe, ƙafarta ɗaya ta karye. Mai kayan ma bai san ta mece ce ba. Yaya ya leƙa ciki ya ga madubi a can gindi, faɗinsa kamar faranti, fuskarsa a ɗan loɓe, ko ƙwarzane babu. Ya ce mini duk sauran ƙarafan shara ne, wannan madubin shi ne rai. Ba irin na shagonsa ba ne. Nasa shimfiɗaɗɗe ne kuma ta baya ake shafa masa azurfa, wannan kuwa a fuska take, ko yatsa ba a ɗora masa.

Shekara biyu ya yi yana gyara. Ya jefar da lotsattsen gwangwanin ya sa bututun roba na ruwa, irin mai kauri. Ƙafafun ba su da ƙarfi, idan jirgin ƙasa ya wuce sai tauraro ya yi ta rawa a ido, don haka ya ƙera akwatin katako mai nauyi wanda yake juyawa a kan faifai. Ya liƙe cikin bututun da baƙin karammiski saboda hasken fitilun maƙwabta. A bayan madubin ya sa ƙusoshi uku masu sifirin da ya ciro daga mataccen babur, yana murɗa su kaɗan-kaɗan har hoto ya tsaya cak. Da abin ya riƙa rinjaya gaba, wurina ya zo ya karɓi dutsen sikeli ya ɗaura a baya. Na ƙarshe da ya ƙara shi ne wani ɗan ƙaramin madubin saiti a saman bututun, wanda ya yi da ɓarin tabaron hangen nesa. Da shi ake fara nemo tauraro kafin a duba ta babban.

A saman benen Alhaja yake wannan aiki. Alhaja Bayarabiya ce, ita ce mai gidan da yake haya, hawa biyu ne kuma ba a ƙarasa na uku ba, sai fili na siminti da ƙarafa a tsaitsaye. Ranar da ya fara kirana, bayan sallar isha'i ne. Na sa ido na ga wani ɗan farin abu kamar ƙwayar gero, da zobe kewaye da shi. Na ce fenti ya yi a jikin gilashin. Ya ce in dakata. Ina kallo abin ya sulale a hankali ya fice daga ido. Ya ce, "Tauraron Zuhal ke nan, Habu. Ba shi ya tafi ba, mu ne muke juyawa." Ni da na yi shekara talatin ina tashi da asuba ban taɓa ɗaga kai don komai ba sai duba hadari, ranar na daɗe ina kallon sama kafin in sauko daga benen.

Ina tunanin abin da zai ce da ya ga Agege ta yau. An yi gada ta sama, an jera fitilu masu aiki da hasken rana waɗanda ba sa mutuwa har gari ya waye. A da, idan aka ɗauke wuta kowa tsaki yake yi, shi kaɗai yake murna yana hawa bene da sauri kafin a tayar da janareta. Yanzu sararin unguwarmu jajawur yake kwana. Jikokina suna ɗaga waya sama ta gaya musu sunan tauraron da ba su ma ganinsa. Na san zai so wayar. Ban san ko zai yafe wa fitilun ba.

Abin da nake son faɗa ya faru ne a shekarun da ake yawan jin labarin tashin bama-bamai daga Arewa. Mu da aka binne cibiyarmu a Legas sai muka ga ana yi mana wani irin kallo a cikin danfo, motar haya. Wanda kuka tashi tare yakan yi maka wasan da ba wasa ba ne. Na sami Yaya na ce ya sauke bututun nan har ƙura ta lafa, domin daga ƙasa ba ya kama da abin kallon taurari. Doguwar baƙar aba ce a kan akwati, ga madubin saiti a kanta, kuma gidan yana kan hanyar da jirage suke bi su sauka a Ikeja. Ya yi dariya ya ce duk layin an san shi, rabin tagoginsu shi ya sa musu.

Wata Asabar ce cikin damina, bayan la'asar. Ya sake wa madubin saitin mazauni, kuma shi ba a daidaita shi sai da rana, a kan wani abu mai nisa da ba ya motsi. Sai ya auna wani dogon ƙarfen sadarwa da ke can wajen filin jirgi. Wani baƙo da ke sayen burodi a ƙasa ya ɗaga kai ya ga mutum da hula ya durƙusa bayan bututu, jirgi kuma yana saukowa.

Ina rufe teburina aka zo aka gaya mini. Kafin in isa, layin ya cika. Yawancin fuskokin ban san su ba, 'yan tasha ne da masu wucewa, kowa yana ba na kusa da shi labarin abin da bai gani ba. Na ji ana cewa roka. Na ji ana cewa su uku ne a sama. Alhaja ta tsaya a bakin ƙofa da ɗankwalinta a ɗaure a ƙugu tana ta faɗa musu da Yarabanci cewa ɗanta ne, shekara goma sha yana gidanta, amma muryarta ba ta wuce mutum biyar na gaba ba. Ta matsa mini na shige.

A sama na tarar da Yaya da Lasisi, shugaban 'yan bangan unguwa, da mutanensa biyu. Lasisi tare muka yi ƙwallo muna yara, Hausa a bakinsa kamar tamu. Ya san Yaya ba abin da zai aikata. Amma mutanen nan biyu sababbi ne, ɗaya yana riƙe da gora. Yaya ya ce su sa ido su gani da kansu. Sama ta rufe da hadari, babu wata babu komai, sai ƙarfen sadarwar nan. Mai gorar ya duba ya gan shi kusa kamar ya taɓa, kuma a juye, kai ƙasa, domin dama haka na'urar take nuna abu. Ya ja da baya ya ce to me ya sa ake auna wajen filin jirgi. Bayanin Yaya bai yi masa amfani ba. Yana magana a natse kamar yana koyar da ɗalibi, ni kuwa ina jin hayaniyar ƙasa tana ƙaruwa.

Lasisi ya ce a buɗe gindin a nuna babu komai ciki. Yaya ya yarda. Ya shimfiɗa tawul, ya kwantar da bututun, ya ɗauko sukudireba. Ƙusoshi shida ne suke riƙe da mazaunin madubin, kuma ya ce sai an sassauta su bi da bi, kowanne kaɗan, in ba haka ba madubin zai zame. Na leƙa ƙasa. Na ga wani saurayi yana gangaro da tayar mota daga wajen mai faci. Duk wanda ya zauna a Legas ya san abin da ake yi da taya a irin wannan taro: a rataya wa mutum, a cinna wuta. Dutse ya faɗo kusa da ƙafata. Sai na ji ƙarar ƙofar gidan ana jijjiga ta.

Lasisi ya matso kusa da kunnena ya ce, "Habu, ku yi sauri. Idan suka hawo ba zan iya riƙe su ba."

Yaya yana kan ƙusa ta biyu.

Na ce, "Yaya, bari."

Ya ce, "Saura kaɗan. Kada ka taɓa."

Ban taɓa sa masa hannu ba tun muna yara, ko musu ban cika yi da shi ba. Ranar na ture shi gefe har ya zauna. Na ɗaga bututun na maka gindinsa a kan gefen siminti, sau ɗaya, sau biyu. A na uku mazaunin ya ɓalle, madubin ya faɗo. Ƙarar ba ta da yawa. Na ɗauki bututun na je bakin bene na ɗaga shi yadda na ƙasa za su hango sama ta cikinsa, na zura hannuna har kafaɗa, na juya shi na girgiza. Dutsen sikelina ne kawai ya faɗi. Lasisi ya ɗaga babban ɓarin madubin yana faɗa musu da ƙarfi cewa gilashi ne, abin kallon wata ne. Wani ya yi dariya a ƙasa. Wata mata ta ce ai ta san mai bututun, shi ya sa mata taga. Daga nan taron ya fara saki, sai kuma ruwa ya sauko ya ƙarasa korar sauran.

Da na juyo, Yaya yana durƙushe cikin ruwan yana tsince gutsattsarin yana sawa a tawul. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na madubin ya ɓantare daga gefe. Bai dube ni ba. Na tsaya ina jiran ya zage ni, bai yi ba. Abin da ya ce kawai shi ne in sauka in duba Alhaja, ya ji kamar an buge ta da ƙofa.

Irin wannan madubi ba a samunsa a Legas a lokacin, ya nema ya gaji. Sai ya goge bakin karayar da dutsen wasa gilashi, ya shafe ta da baƙin fenti, ya sake ƙera mazauni. Na'urar ta ci gaba da aiki, sai dai hasken ya ragu, kuma kowane tauraro mai haske yakan fito da ɗan wutsiya a gefe. Shekara uku ya ƙara yana hawa benen. Muna gaisawa kullum, muna cin abinci kwano ɗaya ranar Juma'a, 'ya'yana suna kwana gidansa. Amma bai sake kirana in duba ba, ni ma ban sake hawa ba. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ni na yi jinyarsa wata huɗu. Sau da yawa na buɗe baki zan ɗauko maganar sai in tambaye shi ko zai sha ruwa.

Har yau ban san ko na yi daidai ba. Lasisi ya ce da an ƙara minti biyar da gawa za a sauko da ita. Alhaja kuma, Allah ya ji ƙanta, ta ce limamin layin da dattawa sun riga sun iso, kuma ga ruwa yana tafe, da na yi haƙuri da an rabu lafiya. Kowannensu yana wurin, kowannensu ya fi ni natsuwa ranar. Abin da na sani shi ne da yau abin ya faru, kafin Yaya ya kwance ƙusa ta farko hotonsa ya zaga wayoyin ƙasar nan da sunan da ba nasa ba, kuma babu bututun da zan ɗaga wa mutanen da ba sa wurin. Wannan yana hana ni sakewa duk lokacin da na ga taro a bakin titi.

An ƙarasa hawa na uku a gidan Alhaja, filin nan ya zama ɗakuna. Na'urar tana hannun 'yar Yaya, Hauwa, wadda take koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Zariya. Lokacin da abin ya faru ta tafi hutu da mahaifiyarta, ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Da babbar sallar da ta wuce ta zo gaishe ni, take ba ni labarin yadda ɗalibanta suke layi su ga duwatsun wata. Na ce yanzu ai ana iya yin odar sabon madubi, ni zan saya mata. Ta ce ba ta so.

Ta ce, "Baffa, ai Baba ya gaya mana daga hannunsa ya suɓuce yana wankewa. Ya ce ganganci ya yi. Duk ranar da na fasa wani abu a gida sai ya kai ni ya nuna mini, ya ce shi ma ya fasa abin da ya fi so kuma ga shi yana aiki. Ni a haka nake son sa."

Na tambayi mahaifiyarta daga baya, ita ma abin da ta sani ke nan. Ta ji labarin taron, amma ba ta taɓa jin sunana a cikin maganar madubin ba. Shekara uku ina zaton fushi yake yi da ni, ashe ya riga ya ɗauke laifin ya ɗora wa kansa a gaban iyalinsa tun makon farko. Me ya sa bai sake kirana saman benen ba, wannan ya tafi da shi. Wataƙila ya ga ba na iya haɗa ido da bututun ne, ya ƙyale ni.

Mutumin da ya rage mini ke nan: mai sassauta ƙusa bi da bi ana jifansa da dutse, wanda bai iya gaggawa ba ko don ransa, bai kuma iya barin ƙaninsa da kunya ba. Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa.

Hauwa, ranar ce miki kawai na yi shayina ya huce, na tashi. Ba daga hannun babanki ya suɓuce ba. Ni na fasa shi, da hannuna, yana cewa kada in taɓa.