Buhun Alhaji a Tseren Argungu

Har gobe ba zan manta da Asabar ɗin da muka kai jirginmu tsere Argungu ba, a dogon hutun bara. Ku sababbi da kuka shigo bana kun ji labarin guntu-guntu, kowa da irin gishirin da take ƙara masa. Ni ban iya magana a cikin taro ba, kun sani, shi ya sa na zauna na rubuta muku yadda abin ya faru.

Bari in fara da tsarin aikin, don wadda ba ta gama gane shi ba. A sama akwai Alhaji Garba, mai injin casar shinkafa a hanyar Zauro. Shi ya sayi kwale-kwalen, shi ya kafa ƙungiyar mata ta tsere don a riƙa jin sunan shinkafarsa. Ƙarƙashinsa akwai Kyaftin, mai horar da mu. Sai Inna Kulu, ɗiyar masunta, wadda ke zama a bayan jirgi tana juya shi. Sai 'yan mata takwas masu filafili, huɗu dama huɗu hagu. A can ƙasa, inda ba sauran kowa, akwai mai kwarfe ruwa. Ni ce wannan. Aikina in zauna tsakiya in riƙa fitar da ruwan da ke shigowa ta tsagar katako.

Babana bai so wannan aiki ba. Da ƙyar ya yarda, kuma da sharaɗi.

"Luba, ranar da sunka kore ki, washegari fadama za ki, korar tsuntsaye, har a koma makaranta."

Wadda ta taɓa wuni a gonar shinkafa tana kaɗa gwangwani tana ihu, rana na dafa mata kai, ta san abin da nake gudu. Ga shi ni ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya.

Sunan Kyaftin na yanka Sani, ƙanen matar Alhaji ne. Ya yi shekaru a Legas yana gadin ƙofar wani wuri da masu kuɗi ke ajiye jiragensu na tseren teku, irin waɗanda iska ke turawa da manyan ƙyallaye. Daga ƙofar ya samo sarautar. Yana da farar hula mai baki, da usur, da farin takalmi. Na daɗe ina lura da takalmin nan. Ban taɓa ganin laka a jikinsa ba, domin Kyaftin bai taɓa sa ƙafa cikin jirginmu ba. Ya ce manyan teku daga tudu suke ba da umarni.

Kullum kafin mu shiga ruwa sai ya zaunar da mu gindin mangwaro ya fito da wayarsa mai fasasshen gilashi.

"Ku duba nan! Igiyar ruwa kamar bene. Mutum shi yi makonni bai ga ƙasa ba. Da igiya suke ɗaure kansu kada ruwa shi share su. Barci karɓa-karɓa, abinci busasshe, gishiri na cin fata, ga amai. Ku mi kunka sani? Tuwo da barci!"

Gaskiya hotunan na da ban tsoro. Na ga mutane jiƙe sharkaf, sun rataya a gefen jirgin da ya kwanta kamar zai kife, idanunsu jajir. Na tausaya musu. Sai dai namu tseren daga gaɓa ne zuwa kwanar gulbi a dawo, ko shinkafa ba ta nuna kafin a gama. Wannan bai hana Kyaftin gwada mana barcin karɓa-karɓa ba. Da tsakar rana ya sa huɗu suka kwanta cikin jirgi suka rufe ido, huɗu na tuƙi. Masu wanki a bakin ruwa suka zaci gawa muka ɗauko.

Amma babban karatunsa shi ne nauyi. Ya ce a teku har mariƙin buroshin goge baki ake yankewa rabi don jirgi ya yi sauƙi. Daga ranar muka shiga uku. Kowace safiya sai mun hau sikelin auna shinkafa ɗaya bayan ɗaya, leburori na leƙe. Ya karɓe awarwaro, ya karɓe 'yan kunne, ya hana silifas. Maryam, wadda ta fi kowa ƙarfin hannu, ya kama ta da ƙuli-ƙuli uku a bakin zane, ya yi mata wa'azi kamar ta saci akuya. Ya sa aka cire ɗan katakon da nake zama a kai. Ya sa aka rage tsumman da aka toshe tsagar da shi, wai jiƙaƙƙen tsumma nauyi ne. Daga ƙarshe ya ɗauki babban kwanon da nake kwarfa da shi, ya jinjina, ya girgiza kai, ya miƙo mini gwangwanin madara.

Inna Kulu ta tauna goronta ta ce, "Kyaftin, ni ko haƙorina na Makka in cire?"

Ya tsaya ya yi tunani tukuna kafin ya ce a bari.

Sai ya juyo kaina. "Ke mai shiru. Ranar da ruwa yaw wuce idon sawu cikin jirgin ga, ki aje gwangwani ki kama hanyar gidanku. Kin ji?"

Na gyaɗa kai.

Ranar tsere muka isa Argungu da hantsi, jirgin a bayan motar ɗaukar shinkafa, mu a gefensa. Gulbi ya cika, gaɓa ta cika da jama'a, makaɗa na ta yi. Sauran jiragen duk na matan masunta ne, da awarwaronsu da komai, wata ma rake take sha. Ka'idar mai sauƙi ce: a jera jirage, a busa, a je kwana a kewaye tutar da aka kafa, a dawo. Kyaftin ya bi mu ɗaya ɗaya yana duba kunnuwa. Ya tsinci fil ɗin hijabi na biyu a wurin wata, ya cire, ya ɗaga shi sama don kowa ya ga irin cin amanar da ake masa.

Ana haka Alhaji ya iso, leburori biyu na biye da shi, suna nishi da cikakken buhun shinkafa mai sunansa da jan rubutu.

"A sa shi tsakiya," in ji Alhaji. "Sunan shi kalli gaɓa, yadda masu hoto za su gani."

Dukkanmu muka juya ga Kyaftin. Fil ɗin na hannunsa har lokacin. Sai ya cire hula.

"Ranka shi daɗe, wallahi abin da ni ka shirin roƙonka ke nan. Jiragen teku duk da nauyi a ƙasansu, shi ka hana su kifewa. Ilimi ne babba. Ku sa shi, ku sa shi!"

Aka kwantar da buhun daidai kan tsagar, daidai inda nake kwarfa. Jirgin ya nutsa har gefensa ya kusa sumbatar ruwa. Ni aka bar mini wurin da bai fi faifai ba.

Abin mamaki, mun fara da kyau. Yunwa da haushi sun ba 'yan matan ƙarfi, har muka kai kwana jirgi ɗaya ne gabanmu. A wurin kewaye tuta ne jirgin ya karkata, ruwa ya zubo ta gefe, tsagar kuma ta buɗe baki. Na yi ta kwarfa da gwangwani kamar mai shayar da kaza. Ruwan ya taɓa idon sawuna. Idan na dage, na san zan iya riƙe shi nan har mu kai gaɓa. Amma idona ya sauka kan buhun. Ƙasansa ya fara yin duhu, duhun na hawa a hankali zuwa harafin farko na sunan Alhaji.

Maryam ma ta gani. "Inna, mu jefa shi ruwa! Wallahi muna iya cin na biyu!"

"A jefa mi?" Inna Kulu ta daka tsawa daga baya. "Abinci? Ke ɗiyar wa ce?"

Duk cikinmu babu wadda ba ta taɓa duƙawa cikin lakar fadama tana dashe ba. Babu wadda uwarta ba ta taɓa sa ta tsince ƙwayar shinkafa daga ƙasa ɗaya ɗaya ba. Masu tseren teku, in ji Kyaftin, har gadonsu suna iya jefarwa. Mu ba a haife mu haka ba. Kuma shinkafa in ta sha ruwa a buhu ta tashi daga aiki.

Ban yi shawara da kowa ba. Na saki gwangwani, na tura gwiwoyina ƙarƙashin buhun, na ja shi kan cinyata. Ya fi ni nauyi. Maryam, wadda yanzun nan ta ce a jefar, ita ta fara ajiye filafili ta kama kunne ɗaya. Ta kusa da ita ta kama ɗayan. Ta ukun ma. Matsalar ita ce duk 'yan hagu ne. 'Yan dama suka ci gaba da tuƙi da gaskiyarsu, jirgin ya shiga zagaye wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke. Ba mai kwarfa. Ruwa ya kai ƙwauri, muka ɗaga buhun zuwa kafaɗa. Daga gaɓa muna jin usur ɗin Kyaftin kamar za a tsage shi.

Jirage suka wuce mu duka. Wani tsoho da ke iyo a kan gora ya wuce mu shi ma, har ya ce, "Sannunku da kaya, 'yan mata." Da Inna Kulu ta samu ta miƙe mana hanya muka lallaɓo gaɓa, waɗanda suka ci tseren har sun sha ruwa sun gyara ɗaurin kallabi. Jama'a dariya suka fara yi. Da suka ga buhu a kafaɗa, mu a cikin ruwa, sai dariyar ta koma tafi, makaɗa suka juyo kanmu.

Kyaftin ya tsaya inda ƙasa ta bushe, ya miƙo kara ya auna ruwan jirgin, ya ɗaga shi.

"Kowa ya shaida! Mai kwarfa ta kashe mu. Luba, an sallame ki."

Na ji ƙarar gwangwanin korar tsuntsaye a kunnena tun daga nan. Na sunkuyar da kai.

Alhaji ko kallonmu bai yi ba. Ya sa aka sauke buhun, aka farke bakinsa, ya tura hannu har gwiwar hannu ya damƙo. A bushe take, sai 'yar laima can ƙasa. Ya ɗaga ta sama, wayoyi suka yi masa caa.

"Kun gani? Shinkafar da ko gulbi bai iya ci! Wa ya fara ɗaga shi?"

Maryam ta nuna ni.

"Haka munka tsara shi, ranka shi daɗe," in ji Kyaftin. "Ni nic ce mata in ruwa ya..."

Alhaji ya katse shi. "To ka kore ta daga kwarfa, daidai ne, ba ta iya ba. Daga yau ita ce mai riƙon buhu. A nemo wata ta kwarfa."

Haka aka kore ni aka ɗauke ni aiki ban ko fito daga ruwa ba. Da na gaya wa Babana, sai ya ce tunda korar ba ta maido ni gida ba, shi bai san hukuncin wannan ba, in ci gaba. Kyaftin kuwa an ƙara masa girma, an sai masa sabon usur.

Abin da na koya a wannan sana'a kaɗan ne. Ana rage nauyin jirgi daga kan wanda ba ya iya musu, ana ƙara shi daga wurin wanda ba a iya yi wa musu. Kuma kada ku ɗauka kowa da ke bakin gaɓa so yake ku zo na ɗaya. Wani so yake a gan shi kawai. Don haka in Kyaftin ya hau ku da labarin teku, ku saurara da ladabi, ku ba shi 'yan kunnen. Amma ku ci tuwonku ku ƙoshi, ku motsa kafaɗunku da kyau. Jiya na ji Alhaji yana gaya wa leburori bana buhu biyu za a sa.