Ƙofar da Baba Ya Faɗaɗa

Ranar Alhamis ce, kwana huɗu bayan Sallar layya, shekarar da nake aji biyar a lakwal. Duk lungunan Birni warin ɗanyar fata suke, an shanya su bisa katangu, ƙudaje na ta biki. Na dawo daga famfo ke nan da bokiti a ka, Baba ya kira ni zaure. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Na tarar da shi da abokansa uku, da wata takarda da aka kawo masa daga biro, wato ofishin gwamnati. An kwana biyu rediyo na cewa gwamnati za ta tallafa wa masu sana'a a riƙa ƙera kaya a gida, maimakon fatunmu su fita ɗanye su dawo mana takalma. "Uwata, karanta mana," in ji shi, "ke ce mai Faransancin gidan nan."

Na karanta ina fassarawa. Za a ba dukawa keken ɗinkin fata, babba, a kuma koya musu aiki da shi. Sai na iso layin ƙarshe: sai wanda ke da kuran, wato wutar lantarki, a wurin aikinsa. Mu kuwa lungunmu ko sandar waya babu. Na ɗaga kai na ga Baba yana dariya har jan goron haƙoransa ya fito, Kawu Mamman maƙwabcinmu na zolayarsa, "Malam Abba, in ka zama mai kamfani kar ka daina gaishe mu." Wace yarinya ce za ta kashe wa ubanta wannan dariyar a gaban maza? Na ninke takardar na ce shi ke nan. Na rubuta sunansa, ya dangwala yatsa.

Baba baduku ne, ɗan baduku. A zauren nan na tashi, tsakanin kirgi da jar fata da basilla. Ni ke daka karan dafi na rini, ni ke goga kakin zuma a zare, in na gama in kwashe yankakkun fata in yi wa 'yar tsanata takalma. Sa'o'ina na carafke a ƙofar gida, ni ina riƙe masa bakin jaka yana ɗinki. Kwana biyu yake yi a kan takalmi ƙafa ɗaya, mai saye kuma ya shekara biyar yana takawa. Amma takalman roba sun riga sun cika kasuwa, mutanen ƙauyukan Dogo da Zermu da ke zuwa bayan girbi sun fara wuce mu. Yakan ce, "Hannu ba ya tsere da inji."

Sai ya je can cikin gari ya ga irin keken, ya auna faɗinsa da igiya, ya dawo ya gwada a ƙofar zaure. Ƙofar ta yi kaɗan. Kakana ne ya gina ta, da zane a samanta wanda baƙi ke tsayawa kallo. Inna ta ce, "Malam, ka bari ka ga baƙon tukuna." Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ɗauki diga ya fasa, zanen ya zubo gutsure-gutsure, aka cire ƙyauren aka jingine. Ni ce na kwashe ƙasar da bokiti. Kowane zuwa sai in ce yanzu zan faɗa, in buɗe baki, in ji yana waƙa ƙasa-ƙasa, in ɗauki bokitina in wuce. Ni da ake yi wa kirari da baki a lakwal, har mushe, malamin ajinmu, ya gaji da kora ta waje.

Ana dab da damina masu dubawa suka zo, maza biyu da mace ɗaya, a ƙasa, don mota ba ta shiga lungunmu. Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya jera musu jakunkuna da takalma. Matar ta yaba ƙwarai, sannan ta ɗaga kai tana neman waya a azara. Ta ce, "Baba, ai ba kuran a nan. Yana rubuce a takarda, ba a karanta maka ba?" Ina tsaye a bakin ƙofa. Ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kansa ya ce, "An karanta mini, ni ne tsufa ya sa na manta." Ya raka su har bakin lungu, ya ba matar takalmi kyauta. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Da ya zabga mini mari da na fi samun sauƙi.

Ƙyauren bai ƙara dacewa da ƙofar ba, sai zana aka rataya. Ruwan shekarar ya samu hanya ya ci gindin bangon. Baba ya ci gaba da basillarsa har idonsa ya ƙi, shekara shida bayan nan ya rasu.

Yanzu kuran ya shigo lungunmu, da ƙwan fitila guda a zauren, ba kowa a ƙarƙashinsa. Rediyo ya sake ɗauko zancen masana'antu da ƙera kaya a gida. Ina so a yi, wallahi ina so. Amma ku mahukunta ku fara zuwa ku ga wurin mutum kafin ku aiko masa da takarda, ba sai ya fasa bangonsa ba. Mutane na cewa ba ni da kara, ina faɗin magana gatsal. Su yi ta faɗa. Sau ɗaya na taɓa yin kara, kullum kuma ta ƙofar da ta sa aka fasa nake shiga gida.