Rigar Malam Bukar

Ran nan Asabar ce. Na hura wuta, na dama wa Baba koko. Haya muke a Fagge, gidan Malam Bukar mutumin Barno. Baba Ibo ne, kafinta a tashar jirgin ƙasa, shi ne kuma shugaban ƙungiyar kare haƙƙin leburori, Hausa da Ibo a haɗe. Uwata ta mutu a wani rikicin ƙabilanci a Jos, shi ya tsira da tabon adda. Duk da haka ya ƙi zama a Sabon Gari, wai shugaba ba ya ɓuya cikin danginsa. Taurin kai gare shi, Allah ya sani.

Bayan la'asar muka fara jin ihu, sai fashewar kwalabe. Washegari da hantsi aka fara bi gida-gida ana neman Ibo.

Malam Bukar ya ciro babbar rigarsa ta Juma'a da hula ya sa wa Baba. Matarsa ta lulluɓa mini mayafi. Muka fita. Samari masu gora suka tare mu a lungu. Baba ya yi musu sallama da Hausar da ta fi tasu, ɗaya har da rusunawa. Muka wuce.

Da azahar muka hango shingen da aka yi da gangunan kananzir a bakin Sabon Gari. Na yar da mayafi, na ruga gaba. Murna nake, wai mun tsira. Daga ni har Baba babu wanda ya tuna da rigar.

"Ga ɗaya nan! Ku sare shi!"

Da harshenmu aka faɗa. Baba ya ɗaga hannu zai yi magana, rigar ta harɗe masa ƙafa. Na yi ta kiran sunansa har muryata ta dishe. Sai da hular ta faɗi suka ga fuskarsa, suka watse. Wanda ya fara kai saran na san shi sarai. Mataimakinsa ne a ƙungiya, ya sha cin tuwo a gidanmu.

Da ƙura ta lafa aka kira taron ƙungiya, aka ba mutumin nan kujerar Baba. Aka zaunar da ni a gaba, ni ce 'yar marigayi. Ya miƙe yana share hawaye, ya ce mutanen Fagge suka kashe shugabanmu. Na tashi na faɗi abin da idona ya gani. Mata suka ja ni waje, wai baƙin ciki ya taɓa mini kai. Har yau na tsane shi, kuma ban nemi in daina ba.

Ran Laraba na shiga jirgin kudu da ɗan ƙullin kayana. Gawa kuwa ban samu ba. Masu kwashe gawarwaki da mota suka zo, da tufafi suke bambanta Hausa da Ibo. Uwata tana Jos. Ubana yana Kano, rami ɗaya da mutanen da aka ce su suka kashe shi.