Shiga Ki Ɗauko Min Ƙwarya

Shekarun baya, lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa aka kwaso mu daga Kano aka zube a Dutse, ina da ɗa guda, ɗan fari, bai daɗe da fara tafiya ba. Ni ina aiki a sakatariya, maigidana malamin makaranta ne. Surukata tana zaune tare da mu, amma ciwon gwiwa ba zai bar ta ta bi yaro mai ƙiriniya ba. Dole a nemi inda za a riƙa ajiye shi da rana.

'Yan yanzu ba lallai ku gane ba, amma mu da kunyar ɗan fari muka tashi. Ban taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" nake cewa. A gaban surukata kuwa ko kallon kirki ba na yi masa. In ya faɗi yana kuka sai in ɗauke kai kamar ɗan maƙwabta. Tun da aka yaye shi na rasa hujjar ɗaukarsa, a wajen kakarsa ma yake kwana. Gida ɗaya muke, amma kewarsa nake ji.

Maigida ya kafe a kan makarantar nazare. An buɗe wata sabuwa, bango ya sha fenti, ga lilo a tsakar gida. "Ki je ki gani," in ji shi, "yara ƙanana sai zuba Turanci suke." Na je. Wuri tsaf, malamar kuma mai fara'a. Ta ce, "Maman yaro, yaya sunansa?" Na tsaya ina kallon takalmina kamar an ce in faɗi sunan mijina. Da zan tafi ta ƙara da cewa iyaye sukan rungume 'ya'yansu a bakin ƙofa in sun zo ɗauka, yara na jin daɗin haka. A bakin titi fa! Na yi godiya na kama hanya.

Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta min wata tsohuwa mai raino, Bafulatana daga wajen Kiyawa, kowa Goggo yake ce mata. Gidan ƙasa ne a gindin duwatsu, da dabino guda da akuya a ɗaure. Ba lilo, ba fenti, sai yara suna birgima a tabarma. Goggo ba ta tambayi sunansa ba. Ta dube ni, ta dube shi, ta ce, "Na fari ne ko?" Na sunkuyar da kai. Ta ɗauke shi ta shiga ɗakinta, ta fito ita kaɗai, ta ci gaba da damun fura.

"'Yar nan, shiga ki ɗauko min ƙwarya, tana bayan gado. Ki saki labulen, ƙuda na damuna."

Na shiga na duba bayan gado, babu ƙwarya. Sai yaron nan a zaune yana miƙo min hannu. A lokacin na gane aiken. Na sungume shi, na cusa hancina a wuyansa, na kira sunansa a kunnensa a hankali, na sake kira, har ya fara ƙyalƙyala dariya. Kuka na yi sosai, ba zan ɓoye muku ba. Da na fito hannu rabbana, Goggo ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba ki gan ta ba? Tsufa ke nan, na manta inda na ajiye. Gobe kya sake dubawa."

A gida maigida ya ce, "Ki bar makaranta mai Turanci ki kai shi gidan akuya?" Ta yaya zan faɗa masa dalili? Na ce ya fi kusa da ofis. Ya ce ai ya san garin. Surukata ce ta raba gardama daga kan darduma: "Kai, ƙyale ta. Turanci ba guduwa zai yi ba." Har yau ina zargin ta san komai, ita ma ai ta yi ɗan fari.

Haka muka yi har ya isa shiga firamare. Kullum na tashi daga aiki sai an aike ni, kuma ba a taɓa ganin ƙwaryar nan ba.

Goggo ta rasu da daɗewa, Allah Ya jiƙanta, inda gidan yake shaguna ne yanzu. Yaron nan ya zama magidanci da gemunsa, aiki ya kai shi nesa. Ƙannensa ina rungume su a gaban kowa, zamani ya koya min, amma shi na kasa. In ya zo da sallah ya durƙusa gaishe ni, falo cike da mutane, iyakata in ce, "Kai, an iso? Ya hanya?" Sai in zauna ina kallon ƙeyarsa, ina kewar ɗakin nan mai ƙanshin hayaƙi da nono. Ina ma da wanda zai sake aike ni in ɗauko ƙwarya.