Kukan Injin Da Sumie Ta Sani

Duk wanda ya biyo ta ƙasan tudunmu da yamma zai ga wata jar mota mai ƙofa biyu a ajiye gefen rumfar tara lemu, sai ƙyalli take yi. In ya ɗan ƙara gaba zai cim ma mai ita, Iwao Kamitani, yana hawan tudun da ƙafa, ledar cefane a hannu, yana tsayawa yana haki a kowace kwana. Mijin Sumie ne, yayata. Samarin garinmu sun ce babu motar da ta kai tasa gudu a duk gaɓar tekun nan, kuma ba su yi ƙarya ba. Ni dai duk sanda na gan ta sai raina ya ɓaci.

A kan tudun nan aka haifi Iwao, kuma ban ga alamar zai mutu a wani wuri ba. Ɗan manoman lemu ne. Aikinsa tun yana saurayi har ya yi furfura shi ne tsayuwa a ɗakin ƙungiyar manoma yana ware lemu, manya nan, ƙanana can. Ba ya caca, ba ya faɗa, magana ma sai an matsa masa. Abu ɗaya ya taɓa yi da ya sa gari ya waiwayo, shi ne sayen motar nan tun kafin ya yi aure, a garin da kowane namiji a-kori-kura yake ja.

Injinta yana da wani kuka mai kauri, kamar tsoho yana gyaran murya. A kwanar ƙarshe kafin gidanmu, inda dole a sauko da giya, sai ya yi wani tari sau biyu sannan ya ɗauka. Lokacin da Iwao yake neman yayata, ko tana cikin wanke shinkafa, da ta ji tarin nan sai ta saki tukunya ta kama gyaran gashi.

"Ga Iwa-chan nan!" za ta ce.

"Ke da kunya ba ki da ita," in ji mahaifiyarmu. "Mutum ko ƙofa bai iso ba kin fara rawar jiki."

Da suka yi aure ta ajiye sunan nan na yarinta, ya koma maigida. Ba su samu haihuwa ba. Da iyayenmu suka rasu suka koma gidan namu na kan tudu, ni ina gidan da ke ƙasa da su. Abokan Iwao masu irin motarsa tuni suka ciro tsofaffin injinansu suka dasa masu turbo, wato katantanwar ƙarfen nan da ke ɗura wa inji iska har ƙarfinsa ya ninka. Shi kuwa sai dai ya sayi mujallu ya yi ta kallon hotuna. Duk sanda ya ɗauko zancen, amsar Sumie ɗaya ce.

"Saurin me kake yi, maigida? Lemun guduwa zai yi?"

Sai ya yi dariya ya ninke mujallar.

Bayan ya ajiye aiki ciwon mantuwa ya kama Sumie. Da gishirin miya ta fara, sai sunayen maƙwabta, sai ni. Daga ƙarshe shi ma ta sake shi. A cikin gidan ya zama wani malami mai kirki da ake turowa ya taimaka mata. Ba zan ci haƙƙinsa ba: shi yake mata wanka, shi yake cire mata ƙaya daga kifi, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba.

Abu ɗaya ciwon ya bar masa. Da yamma in ya dawo daga cefane, da injin ya yi tarinsa a kwanar ƙarshe, sai Sumie ta miƙe zumbur, ta shafa furfurarta, ta je bakin ƙofa ta durƙusa.

"Iwa-chan, ka iso? Sannu da hanya."

Za ta karɓi ledar, ta jera masa takalmansa, ta kalle shi ido cikin ido. Kafin shayi ya huce ya koma baƙo. Amma da wannan ɗan lokacin yake rayuwa. Ko babu abin saye sai ya fita, don kawai ya dawo.

Ana nan sai injin ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai. Iwao ya kai motar garejin Dobashi, bakaniken garinmu, wanda suka yi makaranta tare. Ranar ni na bi shi da a-kori-kurata don in dawo da shi gida, saboda haka a kan kunnena aka yi komai.

"Kai tsohon banza, injin naka ya fi ka tari," in ji Dobashi. "Zan iya kwance shi in sake masa zobban fistin, ya ƙara lallaɓa ka. Ko kuma ka zo ka ga wani abu, amma riƙe haƙoran robarka kada su faɗo."

Ya yaye wani tamfol. Injin turbo ne, daga wata mota da aka dake ta ta baya, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Na ga yadda Iwao ya ɗora hannu a kansa, a hankali, kamar mai taɓa goshin jariri.

"Yaya," na ce, "kada ka taɓa tsohon injin nan. A gyara shi a mayar. Ba fuskarka take ganewa ba, kukansa take ganewa."

Ya juyo ya sha mur. Tunda nake ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Haruyo, tun ba ki iya hura wuta ba muke tare da yayarki. Kina nufin ƙarfe ta aura?"

"Ban ce ba. Na ce kunnenta ne ya rage, idon ya tafi."

"Kai, bakin matar nan ya fi girandar yankan ƙarfe kaifi," in ji Dobashi. "Uwata, fenti za mu canja? Jar motar ce dai za ta hau tudun, da wannan mummunan a ciki."

Na faɗa wa Iwao, kuma ko yau zan sake faɗa. Na san abin da ya toshe masa kunne. In ya yarda da maganata, ya yarda ke nan matarsa ta gama mantawa da shi. Amma kada wani ya ce mini wannan kaɗai ne. Akwai kwaɗayin da ya daɗe yana dannewa, kuma mai hana shi ba ta da bakin hanawa yanzu.

Aikin ya cinye kusan damina guda. Sabon injin bai zauna inda tsohon yake ba, sai da aka yi walda aka ƙera masa ƙafafu. Aka yanke ƙarfen gaba don bututun iska su samu hanya, aka sake giyabos, aka sake birki, aka zare tsofaffin wayoyi kaf. Kullum Iwao yana can, baƙin mai har gwiwar hannu, baki har kunne kamar ɗan yaro. Kullum a motata yake dawowa, kullum Sumie ba ta ko ɗaga kai. Na ce masa ga shi yana gani. Ya ce jar motar take jira.

A garejin Dobashi ba a jefar da inji kamar shara. Ranar da aka gama, suka wanke tsohon tas, suka barbaɗa masa gishiri, suka zuba masa giyar shinkafa, su biyu suka sunkuya suka yi masa godiyar wahalar da ya sha. Abin da aka yi wa sallama kuwa ba a barinsa ya kwana a lungu, rashin mutunci ne. Na ce a kai shi rumfata, ina da wuri. Dobashi ya ce ai an riga an sallame shi. Kafin la'asar 'yan gwangwan suka zo suka loda shi. An dai cika ladabi.

Washegari da yamma ina zaune da Sumie ina ɓare mata lemu, sai na ji wani fito siriri kamar butar shayi ta tafasa, da wata atishawa a kwana. Kafin in miƙe motar ta iso. Iwao ya fito ya tsaya a bakin ƙofa da ledarsa, bai cire takalmi ba, yana jira. Sumie tana ta tsotsar lemunta.

Ya koma ya sauka, ya sake hawowa. Ya sake. A na ƙarshe ya tsaya a tsakar gida ya yi ta taka totur har tagogi suka kama rawa. Sumie ta toshe kunnuwa ta ɓuya a bayana.

Gari na wayewa ya tafi filin 'yan gwangwan. Suka ce sun farfasa tsohon injin tun ranar, an wuce da ƙarfen wajen narkarwa. Dobashi, da ya daina barkwanci, ya canja salansar hayaƙin motar, ya cire, ya mayar. Daga baya ya aro mota mai irin tsohon injin sak daga wani mutum a garin Matsuyama, Iwao ya hawo da ita. Sumie ta karkata kai ta saurara. Sai ta girgiza kai.

"Ba shi ba ne."

Ni ma na ji ba shi ba ne. Babu tarin. Ashe tarin nan wani lahani ne a kafiretar injin Iwao shi kaɗai, wanda Dobashi ya yi ta fama da shi tun suna samari bai iya kashe shi ba.

Sanyi ya fara shigowa, an fara tsinkar lemu. Wata yamma Iwao ya dawo ya ajiye jar motar inda ya saba, ƙarƙashin rumfar gefen ƙofa. Sai ga Sumie ta miƙe da kanta ta nufi ƙofa, tana shafa gashi. Na ga fuskar mutumin nan ta haskaka, ledar ta kusa suɓuce masa. Ta sunkuya masa da ladabi.

"Malam, don Allah ka yi haƙuri, ka ɗan janye motarka daga nan. Wurin Iwa-chan ne. Ya kwana biyu bai zo ba, ina tsoron in ya hango baƙuwar mota ya juya."

Ni da nake da bakin cewa na faɗa maka, ranar na rasa shi. Can ya ajiye ledar, shi ma ya sunkuya.

"Ki gafarce ni, uwargida. Yanzu zan janye."

Ya sauka da ita, ya hawo da ƙafa. Tun ranar motar ba ta sake taka tudun ba. Kullum in ya shigo yana haki, Sumie takan tambaye shi ko ya ji motar Iwa-chan a hanya, ya ce bai ji ba tukuna. Wurin ajiye motar yana nan fayau. Ta roƙe shi ya riƙa share shi kada ganye ya taru, shi kuma kowace safiya yana sharewa.