Taku Goma Sha Biyu Daga Kanyar da Aka Sare

Shekara takwas ke nan cif da Allah Ya karɓi ran yayana Ilu a nan Jidda, a ɗakina na unguwar Madain Fahd, wata Talata da hantsi. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan dafa abinci in kai wa 'yan garinmu da ke unguwar Hindawiyya, a yi masa addu'a, in dawo gida. Bana abin ya ƙi tsayawa a nan. Akwai maganar da ta tokare mini ƙirji, na kuma ga in ban rubuta ta ba ba zan sami sukuni ba. Ba zan faɗi sunan garinmu ko na jiharmu ba, mai karatu zai ga dalili da kansa.

Yaya Ilu maharbi ne, ɗan maharbi. Shi ne babba a gidanmu, ni ce auta, kuma da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe ni har na gama makarantar koyon jinya. Dogon mutum ne marar yawan magana, in yana tafiya sai ka yi sassarfa kafin ka jera da shi. Bindigarsa ta toka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, maƙerin garinmu ya ƙera wa mahaifinmu tun ba a haife ni ba. Da ita yake harbo fakara da zabon daji da gada, da ita kuma yake korar birai daga gonarmu ta bakin daji, wadda ita ce cin gidan gaba ɗaya. Har yau in na sayo kazar firji a nan, sai in tuna romon fakarar da na sha ina yarinya, in ji kazar kamar auduga a bakina.

Da ɓarayin daji suka fara addabar yankinmu, majalisar jiha ta yi doka cewa duk mai bindiga, ko ta toka ce, ya kai ta gidan dagaci ya karɓi takarda. Maharba da yawa suka kai. Yaya ya tsaya ya ga an loda su a bayan mota kamar itacen girki, kuma babu wanda ya sake ganin tasa. Shi bai kai ba. Da aka tambaye shi ya ce ta lalace ya yar, aka ƙyale shi don kowa ya san ba mutumin rigima ba ne. Daga nan ya zauna, mutumin da bai taɓa yini a inuwa ba, birai suna cin masara yana jifansu da hoge. Matarsa, Yaya Abu, ta kira ni ta ce mutumin nan fa yana ƙarewa a zaune. Sai na nema masa umra don ya sha iska.

Ya zo, ya yi umrarsa, ya ce shi ba inda za shi. Mun yi faɗa ba kaɗan ba, don ni ina da iƙama, wato takardar zama, da kafilin da ya tsaya mini, da aikin asibiti da nake tsoron rasawa, ga yayana zai zauna ba takarda. Na yi ta surutu. Da na gaji ya ce, "Auta, in koma in yi me? In tsaya a gona ina ɗaga hannu kamar mutum-mutumin korar tsuntsu?" Ya tattara 'yan kayansa ya koma Hindawiyya, ya sami aiki wurin wani mahauci, tunda fiɗa a hannun maharbi ba abin koyo ba ce. Mahaucin haifaffen nan ne, Hausarsa rabi Larabci, kuma duk ranar da na je sai ya tare ni da yabo: "Wallah yayanki, wuƙarsa ba ta huda fata, halas." Shekara biyu ya yi a haka, yana aika wa Yaya Abu abin da ya samu, yana cewa da zarar an sassauta doka zai koma.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi na ɗauko shi na dawo da shi wurina. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na kawo masa kunu, ya ce in zauna. Ya faɗa mini cewa bindigar ba ta lalace ba. Ya shafe ta da man kaɗanya, ya naɗe ta a fatar akuya, ya binne ta a gona.

"Ki tsaya a gindin kanyar nan ki fuskanci gabas," in ji shi. "Taku goma sha biyu. Nawa fa, ba naki ba. Kuma kada Abu ta ji."

Na ce don me. A gidajen maharba dama ba a faɗa wa mace inda bindigar mijinta take kwana, wannan na taso na tarar. Amma shi dalilinsa ya wuce al'ada. Ya ce in hukuma ta zo ta ɗora mata Alƙur'ani, yana so ta rantse ba ta sani ba, kuma rantsuwarta ta zama gaskiya. Na ce to ni fa? Ya yi 'yar dariya, wadda ta jawo masa tari, ya ce, "Ke kina nan bayan teku, wa zai zo ya rantsar da ke?" Kwana goma sha ɗaya bayan haka ya rasu.

Na riƙe maganar. Na ce wa kaina amana ce, kuma ƙarfen da ke cikin ƙasa ba ya cutar da kowa. Amma tunda na zauna rubutu, bari in faɗi sauran gaskiyar. Ina jin daɗin cewa ni ya zaɓa. Yaya Abu ta zauna da shi shekara talatin, ta haifa masa 'ya'ya mata uku, amma akwai abu guda nasa da ni kaɗai na sani, kuma na rungume shi kamar wani gado. Ko da na je gida hutu, muka yi kuka tare, muka ci tuwo a kwano ɗaya, ban buɗe baki ba.

Shekara huɗu da suka wuce Yaya Abu ta kira ni ina tsakiyar aiki, marasa lafiya sun cika ɗaki. Cikin labaran gida ta ce masu sassaƙa turmi sun nemi kanyar gona, ita kuma ta gaji da inuwarta da tsuntsayen da take tara wa gero, za ta ba su su sare. Na ce to, Allah Ya sa albarka, yalla sai anjima. Sai da na koma gida na cire takalmi sannan abin ya faɗo mini. Ko a lokacin da na kira ta da an tsira, amma na ce ai kututture zai zauna. Ban san sun cinna masa wuta ba, garmar shanu kuma ta bi ta kan wurin damina uku.

A bara majalisa ta sake zama a kan dokar ta ƙara mata haƙora. Yanzu duk gonar da aka sami bindiga marar rajista a cikinta, mai gonar ne mai laifi, za a ɗauke shi a matsayin mai ajiye wa ɓarayi makami, gonar kuma ta koma hannun gwamnati. An ba da wa'adi cewa wanda ya kawo tasa da kansa ba za a taɓa shi ba. A waya na karanta wannan ina wurin aiki. Gonar nan ita ce abin da Yaya Abu take ci da shi, ita da 'yarta ta biyu da mijinta ya rasu ta dawo gida da yara. Na tambayi wani lauya ɗan Najeriya da ke aiki a nan, a kaikaice, kamar labarin wasu nake ba shi. Ya ce wa'adin na wanda ya zo da abu a hannu ne. Wanda ya je ya ce akwai bindiga a gonata amma ban san inda take ba, ya ba da shaida a kan kansa ne kawai.

Na roƙi hutu na tafi gida. A tsakar gida na faɗa wa Yaya Abu, tana tankaɗe. Ta ajiye rariyar.

"Auta," ta ce, "ai na faɗa miki zan sare ta. Da kin ce uffan, da ko tsinke ban taɓa ba."

Ta ci gaba da tankaɗenta, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari muka sayi dashen mangwaro muka tafi gona, don duk wanda ya gan mu muna haƙa ya sami amsa. Matsalar ita ce babu wanda ya san takamaimai inda kanyar take. Yaya Abu ta nuna wuri, ni na tuna wani wuri, tsakaninsu ya kai taku ashirin. Na buɗe ƙafa iya buɗewata ina kwaikwayon tafiyar Yaya, mace mai shekara hamsin da tabarau, ina ƙirgawa a zuci kamar mahaukaciya. Kwana huɗu muna haƙa, tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Mun sami tsohon ruwan fartanya da fasasshen tulu. Masu wucewa suna ta sa mini albarka, wai Hajiya ta zo daga Makka ta yi sadaka mai gudana. Hutuna ya ƙare, wa'adin ma ya ƙare, na dawo Jidda na bar mangwaro tara a gabashin gona.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yana raye. Dajin da ya sani kamar tsakar gidansu yau ba mai shigarsa sai masu bindigogin da ba sa jiran ɗuri. Tasa kuwa, kafin ka sake ɗura ta mutum ya yi alwala ya dawo. Na tabbata zai girgiza kai a ce an lissafa ta a sahu ɗaya da waɗancan. Ni ban ce dokar ba ta da dalili ba. An kashe mana mutane, an kwashe mana shanu, kuma na san akwai gonakin da ɓarayi suke ɓoye kayansu a ciki. Abin da ke ci mini rai shi ne waɗanda suka rubuta ta ba su zauna da ko maharbi ɗaya sun tambaye shi ina bindigogin da ba a kawo ba a karon farko suka shiga. Da sun tambaya da sun ji cewa da yawansu suna cikin ƙasa, waɗanda suka binne su kuma wasu sun riga mu gidan gaskiya, sun bar matansu suna noma a kai ba su sani ba.

Amma ba zan ɗora wa majalisa kayan da ni na ɗaure ba. Yaya ya ɓoye maganar ne don ya kare matarsa, ni kuma na ci gaba da ɓoyewa har bayan da ɓoyewar ta daina kare kowa. Ina son yayana, kuma ina jin haushinsa, abin da ban taɓa zaton zan rubuta a kan mamaci ba. Ya bar mini karatun da nake ci da shi, ya bar wa 'ya'yansa suna mai kyau, har yau a Hindawiyya in an ambace shi sai ka ji an ce mutumin kirki. Ga matarsa kuwa, wadda ta fi mu duka cancanta, ni da shi mun haɗu mun bar mata fargaba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, ni ma Ya yafe mini.

Makon jiya aka yi ruwan shuka a gida, na kira Yaya Abu. Ta ce an yi huɗa da shanu a yammacin gona, amma gabashin ta hana, don in garma ta tono abin a gaban ɗan ƙwadago, kafin la'asar gari ya ji. Ita take bi da fartanya, sama-sama, da bayanta mai ciwo da shekarunta sittin da ɗoriya. Na roƙe ta ta bari ko 'yarta ta taya ta. Ta ce a'a, ba ta faɗa wa yarinyar ba kuma ba za ta faɗa ba.

"Ni dai kin riga kin hana ni rantsuwa," in ji ta. "Bari ita ta samu ta yi."