Motar Mijin Mama Saratu

Wata Litinin ce a daminar 1986, hazo ya taso daga kogi ya rufe Kakuri har ba ka ganin gidan da ke tsallaken layi. Ina tsaye da bokiti, don wanke mota aikina ne kafin in tafi makaranta, sai Baba ya ɗaga bonet ya kwance murfin baƙin mai. Wani farin abu ne ya daskare a cikinsa, mai kauri kamar kindirmo. Ya yi bisimilla, ya goge da tsumma, ya rufe. Bayan kwana uku abin ya dawo.

Motar ta mijin Mama Saratu ce, maƙwabciyarmu a gidan haya, mutuniyar kudancin Kaduna. Da ya rasu sai Baba ya saye ta a hannunta, ya shiga lallaɓa ta kamar ƙwai. Daga ƙofar gida zuwa masaƙar da yake aiki, tafiyar da ko gaɓar rake ɗaya ba ka gama sha ba, shi ke nan iyakar inda motar ke zuwa. Ko kasuwa Inna ta ce a kai ta, amsarsa ɗaya ce: "Nisa ke kashe mota." Amma kullum da safe salansar motar sai ta yi ta ɗigar da ruwa, farin hayaƙi na bin ƙasa yana shiga zaure. Mu yara muka daina carafke a gefenta. A bakin famfo kuwa mata suka fara raɗa, wai mamacin bai saki motarsa ba.

Ni kuma na san abin da ba su sani ba. Duk safiya in Mama Saratu za ta ɗebo ruwa, takan tsaya ta ɗora tafin hannu a kan bonet, leɓɓanta na motsi, sannan ta wuce. Tun ina ƙarama bakina ba ya riƙe magana, ga son a saurare ni. Na gaya wa Inna, kafin la'asar gidan duka ya ji. Aka hana mu cin fatenta, ita da ke yi mini kitso ranar Asabar. In ta doso famfo sai mata su janye kwanukansu su yi tsit. Kafin damina ta ɗauke, a-kori-kura ta zo ta kwashe kayanta, ta tafi ba sallama.

Sai dai farin abin bai bi ta ba, nan ne tsoro ya kama mu sosai. Dole Baba ya kai motar wurin wani tsohon bakanike ɗan Filato. Mutumin ya lakato abin da yatsa, ya tambayi inda ake zuwa da motar, sai ya girgiza kai. "Malam, injin nan bai taɓa yin zafi a hannunka ba. Gumi ne ke taruwa a cikin mai, zafi ke ƙone shi. Mai ita na da, duk Asabar gona yake kai ta Kakau." Aka juye mai, Baba ya zuba mu a baya muka yi Kakau muka dawo, muka sake zuwa mako na gaba. Da ya kwance murfin, baƙi ƙirin. Ya mayar ya ɗaure, ya shiga ɗaki, ranar ko abinci bai ci ba. Ba wanda ya sake ambatar sunanta a gidanmu.

Yau ko ɗan koyo a gareji zai faɗa maka wannan kafin ka zauna. Masaƙar ta rufe, gidan hayar ya zama shaguna. Ni ma na binne miji, na kuma san abin da mace ke faɗa wa kayan da aka bar mata in ba kowa kusa. Na yi cigiya, ba wanda ya riƙe sunan ƙauyensu. Har yanzu ban sami inda zan kai ban haƙurina ba.